Yadda ake wanke tankin inoks na nono da yawur, a kuma kashe ƙwayoyin cikinsa

Wani azumi da ya faɗo mana a tsakiyar bazara, shekarun baya kaɗan, ba zan manta da shi ba. Kwana uku a jere yaran da ke kai mini yawur shaguna suna dawowa da ledoji a kumbure, wasu har sun fashe a cikin kula. Na Sabon Gari ya dawo da nasa, na Mokoyo ya dawo da nasa, mai shagon bakin tasha kuwa ya aiko a ce mini in dakata da kawowa. Na zargi madarar gari, na canza buhu. Na zargi iri, wato abin da ake sa wa madara ta kama ta zama yawur, na sayo sabo. Na zargi ɗaukewar wuta, alhali firigo bai rasa sanyinsa ba ko sau ɗaya a kwanakin. Tanki kam ko a mafarki ban kawo shi ba, don kullum da yamma sai an wanke shi da omo an watsa masa jabel, wato ruwan bilic, yana ƙyalli har kana ganin fuskarka a ciki.

Wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya, wanda ya yi shekaru yana aiki a kamfanin madara a Yamai kafin ya dawo gida, shi ya zo ya duba mini. Bai ko leƙa cikin tankin ba. Sifana ya nema, ya kwance robinen da ke ƙasa, wato famfon da nono ke fita ta cikinsa, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan faranti. Bayan ƙwallon da ke buɗewa da rufewa, ga wani abu nan danƙare, ruwan ɗorawa, kamar tsohon cuku. Warinsa sai da na kau da kai. Ya lakato da tsinke ya miƙo mini.

"Ɗana, ga mai kumbura maka leda. Duk nonon da ka haɗa, ta kan wannan yake bi ya fita."

"Baba, ai kullum muna zuba jabel ya bi ta nan."

"Jabel ba ya wanki. Saman dattin yake shafa ya wuce, na ƙasa suna nan da ransu. Zo kuma ka ga abin da ya yi wa ƙarfenka."

Ya haska tocila a gindin tankin. Kewaye da bakin walda, ga ƙananan ramuka nan birjik kamar an tsattsaga da kan allura.

Ranar na gane cewa ayyuka biyu muke haɗawa muna kiransu da suna ɗaya. Wanki shi ne raba ƙarfe da maiƙo, da ragowar madara, da farin dutsen da ke manne masa. Kashe ƙwayoyin cuta aiki ne daban, yana zuwa daga baya, kuma ba ya ci sai a kan ƙarfen da ya riga ya wanku. Abin da zan shimfiɗa a nan shi nake bi yanzu a kan tankina mai cin lita 200. Zai yi wa duk mai tankin inoks da ake kwantar da abu a ciki ya yi tsami, ko yawur ne, ko kindirmo, ko kunun zaki, ko lemon citta. Manyan kamfanonin madara da masana'antun giya ma wannan jerin suke bi, sai dai su da inji, mu da hannu.

Ƙarfen da kake wankewa

Inoks ƙarfe ne da aka haɗa da kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyom ɗin nan idan ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana tsatsa. Idan aka karce ta, takan sake rufe kanta muddin wurin a wanke yake kuma iska na kaiwa gare shi. Tankunan abinci galibi samfurin 304 ne, mai kuromiyom kusan kashi 18 da nikel kashi 8. Akwai 316, wanda aka ƙara wa molibdenom kashi 2 zuwa 3, ya fi jure gishiri kuma ya fi tsada. Masu gwada tanki da maganaɗisu su yi hattara: gaskiya ne 304 ba ya kama maganaɗisu sosai, amma 201 mai araha shi ma ba ya kamawa, ga shi da saurin tsatsa. Idan za ka sayi tanki, a Kano ne ko a nan gida, nemi lambar da aka buga a jikin farantin ƙarfen.

Abu uku ke lalata wannan fatar. Kulorin, wato abin da ke cikin jabel da gishiri, musamman idan da zafi ko an bar shi ya kwana. Karce, irin na yashi da toka da ake dirje tukunya da su a gidajenmu. Sai baƙin ƙarfe: soson ƙarfe yana barin ƙananan ɓurɓushi a jikin inoks, su yi tsatsa, tsatsar ta ci ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane karce gida ne ga ƙwayoyi inda buroshi ba ya kaiwa. Can suke taruwa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke kare su daga magani.

Kayan da za ka tanada

Buroshin roba mai doguwar ƙota don jikin tanki, da siririn buroshi irin na wanke kwalba don tiyo da robine. Soso mai laushi marar ƙarfe. Bokitan roba masu kauri guda biyu da ba a komai da su sai wannan aiki. Ma'aunin zafi, ƙaramin sikeli mai auna giram, da sirinji babba daga farmasi don auna ruwan magani, domin kofin shayi ba ma'auni ba ne. Safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, tabarau mai rufe gefen ido, takalmin roba rufaffe. Takardar gwajin pH, wadda ke canza launi idan da soda ko tsami a ruwa, in ka samu.

Magunguna kuwa: soda, wannan farin da mata masu sabulu ke saya, da garin tsami wanda masu zoɓo ke sawa, da ake rubuta wa acide citrique a jikin leda. Sai abin kashe ƙwayoyi, wanda zan zo kansa. An sha tambayata ko kanwa za ta tsaya a madadin soda. Tana yanke maiƙo kaɗan, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga yashi ga gishiri a cikinta, abokan gaban inoks biyu a wuri ɗaya. Omo mai ƙamshi kuma yana barin ƙamshinsa a zoben roba, nono ya ɗauka.

Mataki na 1: ɗauraye tun tanki bai bushe ba

Da zarar ledar ƙarshe ta cika, kafin a zauna lissafi, kafin a tafi salla idan da sauran lokaci, a watsa wa tanki ruwa. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Maradi ke haura digiri 40, minti ashirin sun isa ragowar nono ya bushe ya zama ɓawo, aikin minti biyar ya koma na awa guda.

Ruwan ya zama mai ɗumi, digiri 40 zuwa 45, wanda hannu ke jurewa ba tare da an janye ba. A nan mutane da yawa ke kuskure ta fuska biyu. Ruwan sanyi yana daskarar da man madara ya manne, domin man ba ya narkewa sosai sai zafi ya kusa digiri 40. Tafasasshen ruwa kuma yana dafa furotin ɗin madara ya liƙe a ƙarfe, kamar yadda ƙwai ke kama kasko. Buɗe robine, ka yi ta watsawa daga sama zuwa ƙasa har ruwan da ke fita ya daina fari. Wannan ruwan na farko ba a tara shi, zubarwa ake.

Mataki na 2: kwance duk abin da ke kwantuwa

Wannan ne matakin da na yi shekaru ina tsallakewa. Cire robine ka warware shi. Cire zoben robar murfi, da na bakin tiyo, da ma'aunin zafi idan sokawa ake yi, da fiffiken motsa nono idan yana fita. Zuba su duka a bokiti ɗaya, za su jiƙa a ruwan soda yayin da kake wanke tanki.

Dubi kowane zoben roba da kyau. Lanƙwasa shi a hasken rana. Idan ya tsattsage, ko ya yi tauri, ko yana danƙo, ko yana ƙarni bayan an wanke shi, kwanansa ya ƙare. Ajiye guda biyu-biyu na kowane girma a cikin leda, don ranar da za ka buƙace su ba ranar zuwa kasuwa ba ce.

Robine mai ƙwallo, irin wanda masu aikin famfo ke sayarwa, yana da wani lungu a bayan ƙwallon inda nono ke shiga duk sa'ad da aka murɗa, kuma ruwan da ya bi ta tsakiya ba ya fitar da shi. Idan naka ba ya warwaruwa, canza shi da mai warwaruwa gida uku, ko mai faifai a tsakiya wanda ake ɗaurewa da maƙala. Na tagulla ko na baƙin ƙarfe ba shi da wuri a jikin tankin nono. Tiyon roba kuma, idan ka ɗaga shi sama ka hangi dusu-dusu a ciki bayan wanki, yanke shi ka jefar. Tiyo gajere ya fi dogo sauƙin tsabta.

Mataki na 3: wankin soda

Soda ce ke narkar da maiƙo da furotin. Kafin ka taɓa ta, sa tabarau da safar hannu. Ba na sassauta wa yarana a kan wannan, domin ɗigo ɗaya a ido yana iya tafiya da gani. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, mai sanyi, sannan a riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan ana motsawa da sandar roba ko ta inoks. Ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi nan take ta yi tsartuwa. Kada a haɗa ta a tukunyar alminiyom irin wadda maƙeranmu ke zubawa, ko a bokitin kwano: tana cin su, tana kuma fitar da iska mai kama wuta. Idan ta taɓa fata ko ido, a sa ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 zuwa 20, na ido kuma a wuce likita ko da zafin ya lafa.

Yawanta ya danganta da yadda kake wanki. Wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Herbert Sinner, na kamfanin Henkel, ya bayyana a 1959 cewa abu huɗu ke yin wanki: ƙarfin magani, zafin ruwa, tsawon lokaci, da guga. Idan ka rage ɗaya, dole ka ƙara wani. Kamfani mai inji yana sa soda kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a zafin digiri 65 zuwa 75, ya juya ta cikin rufaffen tanki minti 20 zuwa 30, ba hannun da ke kusa. Mai wanki da hannu ba zai tsaya a kan irin wannan tururin ba. Don haka sai ya rage magani da zafi, ya ƙara guga da lokaci.

Da hannu, giram 50 na soda a lita 10 na ruwa, zafi digiri 45 zuwa 50. Lita 20 zuwa 30 sun ishi tanki mai lita 200. Rufe bakin ƙasa da toshi, zuba ruwan a hankali ta jikin bango, ka jiƙa ko'ina da buroshi mai doguwar ƙota, ka bar shi minti biyar, sannan ka fara guga daga sama. Bi layin da ƙarfen ya kwanta, za ka ga zanensa idan ka duba. Kada bango ya bushe da soda a kansa, ka riƙa sake jiƙawa. Wuraren da suka fi cin lokacina su ne zoben da nono ke tsayawa idan tanki ya cika, ƙarƙashin leɓen baki, cikin murfi, bayan fiffike, bakin walda, da ramin da robine ke shiga. Minti 20 a ƙalla. Daga nan ka koma kan ƙananan kayan da ke bokiti, ɗaya-ɗaya, da siririn buroshi, har cikin zaren murɗi.

Wanda Allah ya hore wa ƙaramin injin tura ruwa na inoks da ƙwallon feshi da ake ratayawa a cikin murfi, ya huta da yawa. Sai ya sa giram 100 zuwa 150 a lita 10, zafi digiri 60 zuwa 70, ruwa na fita ta ƙasa yana komawa ta sama minti 20 zuwa 30. Amma a bar ƙofar iska a buɗe. Rufaffen tanki mai zafi idan aka watsa masa ruwan sanyi, tururin ciki yana komawa ruwa nan take, tankin ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Masu lemon citta da duk abin da yis ke tayarwa suna da ƙarin haɗari: iskar da yis ɗin ke fitarwa, wato kabon dayoksaid, soda na shanye ta, sai ciki ya zama wayam tanki ya tsotse kansa, sodar ma ta rasa ƙarfi. Masana'antun giya sun san wannan sarai, shi ya sa suke fitar da iskar kafin su saki soda. Iskar nan ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a gindin tanki, ba ta da launi. Kada a tura yaro cikin babban tanki, kada ma ya zura kai, sai an buɗe sama da ƙasa iska ta ratsa sosai, kuma da wani tsaye a waje.

Idan ɗaurayar farko ta yi kyau, ruwan sodan bai yi datti ba, ana iya adana shi a jarka mai kauri a sake amfani da shi sau biyu ko uku. Sai dai a rubuta a jiki, a kulle a ɗaki. Don Allah kada a zuba shi a gorar ruwa ko bidon irin na sha. Ruwan soda garai-garai yake kamar ruwan randa, yaro mai ƙishi ba ya tambaya, kuma ƙunar da yake yi wa maƙogwaro tana iya zama ta har abada.

Mataki na 4: ɗauraya

Ruwa mai ɗumi, mai tsabta, har santsi ya ɓace. Ɗiga ruwan ƙarshe a takardar pH, ka kwatanta da ruwan da kake ɗaurayar da shi. Idan launinsu ɗaya, an gama.

Mataki na 5: wankin tsami

Soda ba ta taɓa dutse. Madara na da kalsiyom, ruwan rijiya da na fanfo ma suna ɗauke da nasu, kuma zafi na sa su kwanta a jikin ƙarfe su zama wani fari-fari mai kaushi da ake kira dutsen madara. Masu giya suna da irin nasu, ruwan ƙasa-ƙasa. Idan kana so ka san halin ruwanka, leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta. Yadda farin ɓawo ya kama ta, haka yake kama tankinka.

Giram 100 zuwa 200 na garin tsami a lita 10 na ruwa, zafi digiri 50 zuwa 60, a jiƙa ko'ina a goga minti 15 zuwa 20, a ɗauraye. Idan ka sami ruwan wankin kayan madara da aka yi da asid fosforik, ya fi ƙarfi, sai ka bi ma'aunin da ke jikin jarkar. Kamfanoni na amfani da asid nitirik kashi rabi zuwa 1 cikin 100, amma wannan ba kayan ƙaramin shago ba ne. Ruwan batir da asid ɗin masu wanke tayil da masai kuwa kada su kusanci tanki. Na tayil ɗin kulorin ne a cikinsa, zai huda inoks.

Sau nawa? Idan a cikin tankin kake dafa madara zuwa digiri 85 ko 90 kafin ta huce zuwa 43 ka sa iri, dutse na taruwa da sauri, don haka ina yin wankin tsami bayan kowane haɗi biyu. Idan tankin na kwantar da nono ne kawai, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: tsami da jabel ba sa haɗuwa, ko a tanki, ko a bokiti, ko a magudana. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Mataki na 6: duba da ido

Kafin ka wuce, tabbatar ba wanka da jirwaye ka yi ba. Watsa ruwa a bango ka kalla. A ƙarfen da ya wanku, ruwa na sauka shimfiɗe kamar mayafi. Inda ya tsinke ya yi ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Bar shi ya tsane, ka haska tocila a karkace. Launi mai shuɗi-shuɗi kamar bakan gizo ragowar furotin ne, ka koma kan soda. Fari mai kama da alli dutse ne, ka koma kan tsami. Ja-ja tsatsa ce. Shafa farar takarda mai laushi a ƙarƙashin leɓe da cikin ramin robine, sannan ka sansana. Tanki mai tsabta ba ya ƙamshi, ba ya ƙarni.

Mataki na 7: kashe ƙwayoyi

Ana yin wannan dab da zuba madara, ba daren jiya ba. Wanke hannu, mayar da robine da zoben roba, sannan ka zaɓi ɗaya cikin hanya uku.

Ruwan zafi shi na fi so, don ba ya barin komai a baya kuma ba ya cin ƙarfe. Sai dai ya kai digiri 85, ya riƙe wannan zafin minti 15 zuwa 20, kuma a bakin robine ake aunawa, ba a tukunya ba, domin ƙarfe mai sanyi na shanye zafi. Rufe murfi tururi ya game sama, ka riƙa buɗe robine kana rufewa ruwan ya ratsa lungunsa. Yana cin gaz, amma a auna kuɗin gaz da kuɗin haɗi guda da ya lalace.

Asid ferasetik, wanda ke warin binega mai ƙarfi, shi kamfanoni suka fi amfani da shi. A ruwan sanyi yake aiki, kuma yana rikiɗewa ya koma binega da ruwa da iska. Mai ƙarfin kashi 15, mililita 10 a lita 10 na ruwa. Mai kashi 5, mililita 30. Minti 5 zuwa 10, a tsiyaye sarai. Wanda ba a sirka ba yana ƙuna, a ajiye shi a inuwa da murfinsa na asali.

Jabel shi ne a hannun kowa, kuma yana aiki idan an bi ƙa'idarsa. Duba digirin da ke jikin kwalba, wato ma'aunin ƙarfinsa, ba na zafi ba. Mai digiri 12, mililita 50 a lita 10. Mai digiri 8, mililita 80. Ruwan ya zama mai sanyi, tanki ma ya huce. Minti 5 zuwa 10 kawai, a zubar, a bi shi da ruwan da aka tafasa ya huce, domin ragowar jabel na raunana iri, nono ya ƙi kamawa ko ya ɗauki wari. Abin da ya huda mini tanki shi ne zuba shi ba awo da barinsa ya kwana a gindi, garin gyaran gira na kusa rasa ido. Jabel kuma yana rasa ƙarfi a zafi da rana, don haka saye kaɗan-kaɗan ya fi tara katon.

Ruwan ɗaurayar ƙarshe shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa ƙarfe kafin nono. Idan daga ƴan garuwa kake saye, ko daga tankin da ke saman ɗaki, tafasa shi. Ba amfanin kashe ƙwayoyi sannan a dawo da wasu a bokiti.

Ga abin da dattijon ya nuna mini wanda ya warware mini ɗaurin kai. Tunda ina dafa madara a cikin tankin, jikinsa na samun zafin da ke kashe ƙwayoyi kowace rana. Amma bayan robine, da tiyo, da mazurarin cika leda, da ludayin sa iri, zafin bai taɓa kai musu ba. Nono na fita daga wuri mai tsabta ya bi ta hanya mai datti. Saboda haka duk abin da ke tsakanin tanki da leda yana bin waɗannan matakai bakwai, ba ragi. Bakin robine da ma'aunin zafi kuma nakan fesa musu alkol mai digiri 70 na farmasi, in bari ya bushe.

Idan ba yau za a yi haɗi ba

Bayan ɗauraya, bar robine a buɗe, ka ɗan karkata tankin kada ruwa ya kwanta a gindi. Ruwan da ya kwanta yana ƙafewa ya bar gishirinsa a wuri ɗaya, nan rami ke farawa. Kada a goge da tsumma. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli, ɗaga murfi kaɗan ka yafa farin ƙyalle mai tsabta, iska ta shiga ƙura ta tsaya. Ruwan soda da na tsami da aka gama da su, a sirka su da ruwa mai yawa a zuba a ramin ruwan wanki. Ba a watsa su a titi inda yara ke yawo ba takalmi awaki na lasa.

Sabon tanki, da wanda aka yi wa walda, da wanda ya yi tsatsa

Sabon tanki ba mai tsabta ba ne. Shafa masa farin ƙyalle ka ga baƙin da zai fito, man inji ne da ƙurar gogewa. Wanke shi da soda sau biyu, ka ɗauraye, sannan ka yi masa wankin tsami mai ƙarfi wanda ke cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe ya bar fatar kuromiyom ta ginu: giram 400 zuwa kilo 1 na garin tsami a lita 10, zafi digiri 50 zuwa 60, bango a jiƙe minti 30. Ɗauraye da ruwa mai kyau, ka bar shi a buɗe ya sha iska kwana guda. Haka za ka yi bayan kowace walda, da duk sa'ad da ka ga jan tabo. Tabon da ya ƙi fita, dama garin tsami da ɗan ruwa ya yi kauri, ka shafa, ka goga da soso mai laushi kana bin layin ƙarfe.

Rami kuwa ba ya warkewa da magani. Nawa sai da na kai wa mai waldar argon ya cike manyan ya goge ƙananan. Na tsaya a kansa har ya gama, don in tabbata faifan guga da buroshin da ya sa sababbi ne, ba waɗanda ya gama gyaran ƙofa da su ba. Bakin walda na ciki ya zama sumul, idan farce na maƙalewa a kai, nono ma zai maƙale.

Yanzu akwai littafi rataye a bango kusa da tanki: rana, wanda ya wanke, giram nawa, zafi nawa, an kwance robine ko ba a kwance ba. Daga kowane haɗi kuma nakan ware leda biyu in rubuta musu kwanan wata, ɗaya a firigo, ɗaya a kan kanta cikin ɗaki. Ta kan kanta za ta ƙara tsami, wannan aikin iri ne. Amma ƙwayoyin yawur na gaskiya ba sa kumbura leda, yis da ƙwayoyin datti ke yin haka. Idan na wayi gari na tarar ta yi ciki, nakan riƙe sauran kayan wannan haɗin kada su fita, in ɗauki sifana in fara daga robine, sai tiyo, sai zoben murfi.